Abin da Hannu Ya Taɓa

Litinin

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin sauka lafiya kuma an ba ku ɗaki mai tsabta. Yayanki ya nuna mini yadda ake ɗaukar hoton takarda a tura ta waya, don haka da hannuna zan riƙa rubuto miki. Kada ki kira. Malamarmu ta ajin manya ta ce wanda ya koyi rubutu da furfura a ka dole ya riƙa yi kullum, in ba haka ba ya gudu ya bar shi. Ke ma ki amsa mini da wasiƙa sosai, mai gaisuwa da sallama, ba guntayen nan da kuke jefa wa juna ba.

Rigar sanyinki tana ƙasan jaka. An ce manyan ɗakunan taro akwai na'urar sanyi, kada ki zauna daidai bakinta. Ki ci abinci kafin ki shiga. Har yau ban gane yadda mutum zai yi awa huɗu yana kallon katako ba, amma tunda makaranta ta zaɓe ki gasar ches ɗin nan, darar Turawa, Allah ya ba da sa'a. Shekara biyu kina yi da mutanen cikin waya, yanzu baƙon mutum ne zai zauna gabanki da ido da hanci. Ki gaishe shi kafin ki cinye shi.

Ki huta lafiya.
Ummanki

Talata

Umma,

Wa alaikumus salam. Ina kwana, ya gida, ya su Baba da Yaya? Na sauka lafiya. Ga wasiƙa sosai, kamar yadda kika ce.

An cinye ni a wasan farko. Tebur sittin ne a ɗakin, ba mai magana, sai tari da jan kujera. Ana karɓe wayoyi tun daga ƙofa. Wadda aka haɗa ni da ita ɗalibar likitanci ce, na gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba. Ni ce a gaba a wasan, Umma. Sai na kai hannu na kama sarauniyata, wadda ta fi kowane ɗa ƙarfi a kan allon, na ga ba daidai ba ne, na saki. Ta ɗaga hannu, alƙalin wasa ya zo. Ashe doka ce: duk abin da hannunka ya taɓa, dole ka motsa shi. Na karanta dokar, amma hannuna bai karanta ba. A waya babu wannan, a gida kuma Baba kullum yana barina in janye, ya ce bai gani ba, yana goge tabarau. Duk inda na kai sarauniyar halaka ne. Na kai ta. Ban ji komai ba, na sa hannu a takarda na fito na sha ruwa.

Ki gaya wa Baba akwai agogo mai fuska biyu a kowane tebur. In ka gama motsi ka danna, naka ya tsaya, na abokin wasanka ya tashi. Kamar yadda yake buga tebur da yatsa in ya gama nasa. Da yana nan da tuni ya kwance bayan agogon ya ga cikinsa. Na kira wayarsa sau uku, a kashe.

Na gaishe ku.
Auta

Laraba

Auta,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ina fatan kin tashi lafiya. Na karanta wasiƙarki sau biyu, na biyun da yatsa. Ban ji daɗin abin da yarinyar nan ta yi ba. Mai koyon aikin likita ya kamata ta san hannu yana kuskure. Amma doka doka ce. Ki zauna a kan hannayenki har sai kanki ya gama shawara.

Layin da kika ga na soke a nan kuskure ne, kada ki damu da shi. Biro ba ya gogewa, kuma takardar ta kusa ƙare mini.

Gwaggonki ta zo ta kwana biyu, tana gaishe ki. Ta ce in kin ci kofi ita za ta riƙa shan shayi a ciki. Kina sa rigar sanyin?

Allah ya tsare.
Ummanki

Laraba da yamma

Umma,

Ina wuni. Na ci wasa ɗaya yau, na yi kunnen doki a ɗaya. Na zauna a kan hannuwana.

Na buɗe hoton takardarki na ƙara girmansa. A ƙarƙashin sokewar an rubuta “Babanki ya”. Daga nan biro ya tsaya. Gwaggo ba ta kwana a gidan kowa sai da dalili. Yaya ba ya ɗaga waya. Ke kuma kin hana ni jin muryarki.

Umma, kin taɓa. Sai ki motsa.

Auta

Alhamis

Auta,

Assalamu alaikum. To.

Ranar Litinin da hantsi Babanki ya faɗi a shago. Yana riƙe da agogon wani, gilashin dubawa a idonsa, sai mai ɗinkin da ke kusa ya ji kujera ta kife. Shi ya kawo shi asibiti, sannan ya aiko mini. Hawan jini ne. Ɓarin dama ya shanye, hannu da ƙafa. Ba ya magana. A bencin bakin ɗakin marasa lafiya na rubuta miki wasiƙar farko, a kan gwiwata, shi ya sa layukan suka karkace.

Gado takwas ne a ɗakin, nasa na kusa da taga. Idonsa a buɗe yake, yawanci fanka yake kallo. Ina ba shi ruwa da cokali, rabi ya shiga, rabi ya dawo, in goge. Likita ya ce ba su san nawa ne ya rage a ciki ba, ko yana gane mu ko ba ya ganewa, sai kwanaki sun nuna. Na ce to. Gwaggonki tana kuka, yayanki yana hawa da sauka da takardun magani. Ni ban yi kuka ba. Na jira ya zo, bai zo ba. Jiya na tsinci kaina ina murɗa kan agogon hannunsa don kada ya tsaya, don kullum da safe yake yi.

Wata biyu yana gaya wa duk wanda ya kawo gyara cewa 'yarsa za ta je gasa. Har mai kawo batir ya gaji da labarin. Na sunkuya na tambaye shi ko in kira ki ki dawo. Bai yi komai ba. Sai na yanke shawara ni kaɗai. Maganar malamar ajinmu gaskiya ce, ta faɗa, amma ba don ita na hana ki kira ba. Na san kina jin sallamata za ki gane.

In na yi laifi ki yafe mini.
Ummanki

Alhamis

Umma,

Ina wuni, ya mai jiki? Allah ya ba shi lafiya.

Na karanta a bakin ƙofa, kafin a karɓi waya. An kira lambar teburina, ƙafata ta kai ni. Na buga, na ci. Mai horar da mu ya ce shi ne wasana mafi kyau, ni ko motsi ɗaya ban tuna ba. Saura wasa ɗaya gobe, motar makaranta kuma sai jibi. Na ce masa wataƙila in bi ta haya gobe da safe. Ya ce in yi tunani. Ba na iya tunani.

Ba ki yi laifi ba. Ko kin yi, ban san inda zan ajiye shi ba yanzu.

Ina roƙon abu ɗaya. Allon ches ɗinmu yana shago, ƙarƙashin kanta, bayan gwangwanin ƙananan kusoshi. Yaya ya ɗauko ya jera, baƙaƙen 'ya'yan wajen Baba, su yake so. A gefen allon akwai haruffa daga a zuwa h, da lambobi daga ɗaya zuwa takwas. Duk kin san su. Ki nemi e, ki hau zuwa biyu, akwai farin soja. Ki kai shi e da huɗu. Ke za ki kai, ba Yaya ba. Sai ki ce masa Auta ta yi motsi. Kada kowa ya taimake shi.

Na gaishe ku duka.
Auta

Alhamis, bayan la'asar

Auta,

Assalamu alaikum. Mun ɗora allon a kan teburin cin abincin marasa lafiya. Na sami e, na kai sojan, na faɗa masa yadda kika ce.

Ya daɗe yana kallon fanka. Sannan ya sauko da ido. Hannun hagu ya taso, ya sauka a kan doki, ya tsaya nan. Na ce, “Malam, ka taɓa. 'Yarka ta ce doka ce.”

Minti goma sha ɗaya, na duba a agogonsa. Ya ɗaga dokin da yatsa biyu, ya ture soja ɗaya, ya ajiye shi a f da shida. Ban san ko daidai ne ba. Yayanki ya ce gida biyu kawai dokin nan zai iya zuwa a duk allon, kuma wannan ɗaya ne daga ciki. Yana faɗa ya fita baranda, har yanzu bai shigo ba.

Da na tayar da sojan da ya faɗi, sai Babanki ya buga katifa da yatsa, sau ɗaya.

Ko gobe ko jibi, ba wanda zai taɓa allon. Ke ake jira.

Allah ya kawo ki lafiya.
Ummanki