Ni ce na rubuta wa Rabi lissafinta

Zuwa ga Yaya Hadiza a Agadas,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Yaya gida, yaya maigidanki da yara? Mu nan Gazawa lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Yaya, akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Tun da aka gama girbi babu mai zama a gidanmu. Yau Yaya Sani yana kokowa a nan, gobe Baba ya kai shi wani gari, Musa kuma kullum yana filin ƙwallo. Ni aka bar wa karatun ƙanwarmu Rabi, wai ni ce na yi lakol, wato boko.

Ranar da za a kara a Gangara ta kawo mini lissafin rabawa, ga mai amalanke yana jiranmu a ƙofa. Na karɓe littafin na rubuta amsoshin da hannuna, ban koya mata komai ba, na tafi kallo. Washegari Madam, wadda ni ma ita ta koyar da ni, ta duba ta ce, "Rabi, wannan rubutun wa?" Ta ce nata ne. Aka fito da ita gaban allo ta kasa, ta sha durƙuso har aka tashi, ƴan aji suna ta dariya. Ba ta ambaci sunana ba. Da Inna ta ga gwiwarta ta kumbura, Rabi cewa ta yi faɗuwa ta yi. Ina wurin, na yi shiru.

Asabar akwai kokowa a Gidan Sori. Na ce wa Baba a ba wani wurina a mota, zan zauna da Rabi. Litinin kuma ni zan raka ta wurin Madam, in faɗa mata gaskiya.

Ki gaida mini Gwaggo da yara. Ki sa ni a addu'a, Yaya, kin san nauyin bakina.

Ƙanwarki,
Zuwaira