Ƙaryar da Ban Kai Ga Yi Ba

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar Baba? Ni lafiya lau, ramar da kika gani a hoto ta zirga-zirga ce kawai.

Na samu aiki a ɗakin gwajin jini! Wurare uku da na fara zuwa, suna jin ina da yara suke rufe fayil. Shi ya sa jiya na shiga wajen tantancewa da niyyar cewa ba ni da ko ɗaya, Allah ya yafe mini. Wani cikin masu tantancewar ya ce, "Kina da yara?" Shugabarsu ta katse shi: "Wannan ba huruminmu ba ne. Tambaye ta aikinta."

Da na fito, a matakala na zauna na sha kukan godiya, don bakina bai musanta yarana ba. Ki shafa mini kansu.

'Yarki