Jar Kazar Kaka

Assalamu alaikum Kaka, amaryata.

Na san ba ki karanta wagga takarda. Ko kina da rai ma sai kin nemi mai karanta miki, ki biya shi da zagi.

Kowa lafiya. An yi damina mai kyau, Baba ya samu gero a gonar Tozai. Matsalar jar kazarki ce, wadda kinka bar min.

Ita kam ƙalau take, tana cin dawa kamar ita ta noma. Ɗiyanta ne ba su rayuwa. Su girma, su kusa fara ƙwai, sai su rame, su kwanta. Na yanka ɗaya, hantar ta kumbura, duk ƙari fari-fari. Na ce ko mayu ne, Baba yac ce in kira malamin dabbobi.

Malam yac ce ƙwayar cutar jikin uwar take, ta cikin ƙwai take ba ɗiyan. Tsakon da yat tashi da ita tun cikin ƙwai, jikinshi ɗaukarta yake 'yar gida, ba ya faɗa da ita har ta yi ƙari. Kazar da ta kamu da girmanta tana iya turjewa. Wai kuma jini ma da nashi, wani irin kaji bai cika yin ƙarin ba. Kin tuna kajin nan masu wuya ba gashi da nis sayo a Konni, kinka ce na kawo miki ungulu gida? Akurki ɗaya suke kwana da ɗiyan jar kazar, ko ɗaya ba ta kwanta ba. Mi za ki ce yanzu?

Baba yac ce a yanka jar kazar. Kaka, na wasa wuƙar, na kama ta, sai na kasa. Ban taɓa gaya miki ba, duk tsokanar da nike miki don in zauna kusa da ke ne. Yanzu wa zan tsokana a gidan nan in ba ita ba?

Mun shirya da Baba. Za ta zauna ita kaɗai bayan rumbu, ba kwanci, ba ƙyanƙyasa. Irin kajinki ya ƙare daga kanta, ki yafe min. Ƙwan kuma Malam yac ce a dafa a ci. Ni ke ci kullum, ba mai biyo ni da muciya kamar yadda kike yi in na ɗauke miki ƙwai. Wallahi bai da daɗi haka nan.

Allah ya haskaka kabarinki. Sai mun zo.

Angonki mai ƙiriniya,
Sanda