Mashayin da ke Cikin Littafin Cyril

Hollinroyd, 4 ga Fabrairu, 1969

Inna Hilda,

Gaisuwa mai yawa. Ya sanyi, ya kuma ƙafar taki?

Maganar jikarki Glenys ce. Kin san littafin yayanki marigayi Cyril, wanda ya ba da labarin ƙuruciyarsa a garin nan, yana cikin littattafan jarrabawar bana. A jarrabawar gwaji an tambayi ajina halin uban da ke cikin labarin. Kowa ya rubuta mashayi ne mai saurin hannu, yadda littafin ya nuna. Glenys ta cika shafuka tana cewa ƙarya ce: mahaifinki ba ya wuce kofi ɗaya na giya ranar Asabar, kuma shi ke gasa burodi in matarsa ta kwanta ciwo.

Na ce mata, "Glenys, masu ba da maki ba su san danginku ba, littafin suka sani." Ta ce, "To Malam, ai akwai jirgin ƙasa. Su zo su tambayi kakata."

Na yi dariya, amma ban ba ta maki ba. In ta maimaita haka a watan Yuni, gurbinta na jami'a ya tafi, sai masaƙa. Duk ajin ba mai ƙwaƙwalwarta, kuma maganarki kaɗai take ji.

Naki,
Leonard Garside

9 ga Fabrairu

Leonard ɗana,

Ƙafa tana nan yadda ka san ta. Na gaji, Leonard. Tun ina budurwa baƙi ke buga mini ƙofa saboda littafin nan. Bara wani farfesa ya zo daga Amurka, ya ci wainata, ya ce in nuna masa inda Baba ya jefi Mama da tukunya. Na ce tukunya ɗaya gare mu, wa zai jefar?

Ban ce Baba waliyyi ba ne. Yana da faɗa, Mama kuwa ta fi shi baki. Amma Cyril ɗan ɗakin Mama ne, da idonta ya ga komai. Baba ya tsufa yara na binsa a titi suna kiransa da sunan mutumin littafin. Bai iya karatu ba, ya rasu bai san me aka ce ya yi ba.

Yanzu a cikin zuriyarsa an sami mutum ɗaya da ta tsaya masa, kai kuma kana so ni da bakina in zaunar da ita.

Ka gaida Doreen da yara.
Hilda Thwaite

12 ga Fabrairu

Inna Hilda,

Na karanta wasiƙarki ban ji daɗin kaina ba. Amma ba zan ɓoye miki ba, ina son littafin nan. Ina ɗan shekara goma sha uku na karanta shi, na gane ashe ɗan mai haƙar kwal yana iya zama wani abu dabam. Shi ya hana ni shiga ramin kwal. Yaran da nake koyarwa ma haka yake yi musu, ina gani a fuskokinsu.

Ban ce Glenys ta yarda da shi ba. Ta amsa abin da aka tambaye ta kawai. In ta shiga jami'a, ta rubuta nata littafin ta wanke mahaifinki, ni zan fara saye. Na gwada duk dabarar da na sani, ta ƙi.

Allah ya ƙara sauƙi.
Leonard

20 ga Fabrairu

Leonard,

Na zaunar da ita ranar Lahadi. Na ce ta rubuta musu mashayinsu. Ta ce, "Kaka, har ke?" Na ce har ni. Baba ya ƙarar da ƙarfinsa a ramin kwal don kada 'ya'yansa su shiga, ba zai so a kai ta masaƙa saboda sunansa ba.

Za ta rubuta. Tun ranar ba ta leƙo ni ba.

Kada ka zo godiya.

Hilda