Ba Kunya Ce Ta Hana Inna Magana Ba

Zuwa ga Shugaban asibitin da muka kai mahaifiyata lokacin annobar korona. Na bar sunan asibitin, na san za ka gane ƙofarka.

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali da ma'aikatanka. Yaya aiki, yaya fama da jama'a? Allah shi taimaka.

Ni malamar makaranta ce a Talata Mafara. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana zaune a Damaga. Bafulatana ce, ta tsufa tana sayar da nono a kasuwar Maradun, kuma duk wanda ya taɓa taya ƙwaryarta ya san ba Hausa ce ta yi mata ƙaranci ba.

Wata safiya tana dama fura, ludayi ya faɗi daga hannunta, bakinta ya karkace, magana ta tsaya. Ƙanena ya samo mota, ni kuma na tarye su a ƙofarku da hantsi. Mun yi abin da ake ta faɗa a rediyo: ba mu tsaya shafa mata komai ba, muka kawo ta da sauri.

Na farko, mai gadi ya ce ba mai shiga ba takunkumi. Aka ɗaura mata. Takunkumin ya yi aikinsa, ya rufe daidai wurin da ciwon ya bayyana.

Na biyu, ya ce doka ta hana ɗan rakiya shiga sashen gaggawa. Na gaya masa ba ta iya magana, ni ce bakinta. Ya nuna mini takardar da aka liƙa a bango. Ban ga laifinsa ba, ba shi ya rubuta ba. Aka tura ta ciki a keken marasa lafiya, ni na koma gindin darbejiya.

Abin da ya faru a ciki, wata mata da ta zauna kusa da ita ce ta ba ni labari da ta fito. An tambayi Inna sunanta, ta yi shiru. Aka duba kitsonta da zanen fuskarta, wata ma'aikaciya ta ce ai ba ta jin Hausa, wata ta ce kunya ce irin tasu. Aka auna zafin jikinta, aka ga ba zazzaɓi, ba tari, wato ba ta da ciwon da kowa ke nema a shekarar. Sai aka ajiye ta gefe kafin a samu mai jin Fillanci. Mai jin Fillanci da Hausa, har da Turancin da kuke rubuta kati da shi, wato ni, tana waje tana kallon takalman masu wucewa.

Bayan La'asar Inna ta zame daga inda aka jingine ta. Wani matashin likita ya janye takunkumin, ya ga bakin, ya aiko a kira ni. Tambayarsa ta farko ita ce yaushe abin ya fara, tambayar da nake riƙe da amsarta tun hantsi. Ya tura mu Sakkwato ɗaukar hoton kai, kuma bai ɓoye mini ba cewa a irin wannan ciwo kowace sa'a tana tafiya da wani abu da ba ya dawowa.

Ban ce da an gan ta da wuri da ta warke ba. Ni ba likita ba ce, kuma na yarda da ƙaddara. Na kuma san ma'aikatanka a tsorace suke a lokacin, suna aiki da kayan kariyar da ba su ishe su ba. Amma ɓarin jikinta na dama ya shanye, kalmomin da suka rage mata ba su kai na gaisuwar safe ba.

Da zancen ya tsaya nan, da ban dame ka ba, domin na gaji da maimaita shi. Kwanan baya na kawo ta awon jini. Likita ya ce jininta ya hau ƙwarai, abin yana iya dawowa, kuma in ya dawo mu garzayo. Da za mu fita na biya ta sashen gaggawa. Bokitin wanke hannu ya bushe, ba mai takunkumi ko ɗaya, amma takardar tana nan, kuma mai gadi yana aiki da ita. A duk matakan annoba, ita kaɗai ta yi tsawon rai.

Kawuna na Bakura ya riga ya yanke cewa in ya sake faruwa, wurin mai maganin gargajiya za a kai ta, don can aƙalla ana barin mutum ya zauna kusa da nasa.

Don haka ina roƙo. A cire takardar, ko a gyara ta yadda duk wanda ba ya iya magana zai shiga da mutum ɗaya nasa, ko da wata annobar ta zo. A kuma koya wa masu karɓar marasa lafiya su dubi fuska, su ce a ɗaga hannu biyu, kafin su yanke cewa shirun tsohuwa kunya ce.

Ranar awon nan da muka zo ƙofarku, Inna ta kama tsintsiyar hannuna da hagunta, ba ta saki ba har muka koma mota. Ina so in ce mata tare za mu shiga, ba tare da na yi mata ƙarya ba. Kai kaɗai ke iya sa maganar ta zama gaskiya.

Allah shi ƙara maka lafiya, shi yi maka jagora, shi sa ranar da za ka kasa magana akwai naka a kusa.

Wassalam.

Balkisu, 'yar Inna,
Talata Mafara.