Mun Mayar wa Ladi da Madubi

Yaya Rifkatu,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya jiki, yaya maigida da yara? Kafanchan lafiya lau.

Albishirinki! Autarmu Ladi ta yi waƙa a coci ranar Lahadi, a layin gaba, fuska a buɗe! Tun da mai ya ƙona mata kunci muka ɓoye madubai, wai tausayi. Ashe kuskure muka yi. Likitar tunani ta sa ta duba madubi kullum, tana faɗin abin da ta gani, banda zagin kanta. Mama ta yi ta guɗa har fasto ya dakata.

Ku sa ta a addu'a. Ki gai da su Bulus. In za ki zo Kirsimeti, Ladi ta ce ki kawo mata jan baki.

Ƙanwarki,
Saratu