Giyar Tarewar Baffa Tokuji

Kumamoto, watan Yuni

Zuwa ga Yaya Fumie,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya gwiwar taki? Mu nan damina ta kankama, shanya ta ƙi bushewa, gida duk warin danshi.

Kin tuna Baffa Tokuji, ƙanin mahaifin maigidana Shinobu, wanda ambaliya ta cinye wa gida? To ya gama sabon gininsa, ɗan ƙarami, har ya tare. Shi kaɗai ne tun rasuwar matarsa, da fansho yake lallaɓawa. Shinobu ya bar mini zaɓen kyautar tarewa, kamar yadda yake bar mini duk wani abu mai buƙatar tunani.

Na shiga intanet na ci karo da wata giyar inabi ta ƙasar waje. An ja layi a kan tsohon farashinta, an rubuta sabo da ja, bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Ga akwatin katako, ga tambari ruwan zinariya, kwalbar ma in kin gan ta sai kin gyara zama. Kin san ni da araha, in na hango ta ba na ji ba na gani. Na sayi biyu. Ɗaya suka naɗe suka aika wa Baffa da sunanmu, ɗaya na ajiye don in ɗanɗana in ji ko na dace.

Jiya na buɗe tawa. Yaya, ni ba gwanar giya ba ce, amma na san tsami. Na bar ta ta sha iska kamar yadda aka rubuta, na sake kurɓa, sai ma abin da ya ƙaru. Na miƙa wa Shinobu ban ce masa komai ba, ya yatsine fuska ya tambaye ni ko ruwan tsamin da nake jiƙa kokwamba ne. Sai a lokacin na koma na karanta abin da masu saye suka rubuta a ƙasan shafin, abin da ya kamata in fara yi. Wai ba a taɓa sayar da ita a wancan babban farashin ba, ado ne kawai. Na juye sauran a tukunyar nama, ina lallashin kaina da cewa Baffa giyar shinkafa kawai ya sani, ba zai bambance ba.

Ki gaishe mini da kowa. Kada ki yi mini dariya da yawa.

Ƙanwarki,
Mitsuyo

Kumamoto, watan Yuli

Yayata,

Ina gaisuwa, da fatan zafin nan bai takura muku ba. Wasiƙarki ta iso, na ga kin yi dariyar da na hana ki. Yanzu kam abin ya wuce dariya.

Na manta abin da Mama ta koya mana tun muna ƙanana, cewa wanda aka yi wa irin wannan kyauta sai ya mayar da tukuici na kusan rabin darajarta. Baffa mutumin da ne, ba ya wasa da wannan. Ashe ya kai wa maƙwabcinsa kwalbar ya duba masa sunanta a waya. Rangwamen ya riga ya ƙare, babban farashin kaɗai ya rage a shafin.

Shekaranjiya aka kawo mana akwatin naman sa, irin mai zanen kitse da ni da ke muke wucewa a kanti muna kau da kai. Ya ninka abin da na kashe har da ƙari. A ciki akwai ɗan katinsa, yana ba da haƙuri wai tukuicin bai kai yadda ya kamata ba. Mutumin da Shinobu ya ce har yanzu jarida ce manne a tagoginsa, bai sayi labule ba.

Na gasa naman amma na kasa ci. Shinobu ya ci nasa ya haɗa da nawa, yana ta yabona wai na fitar da shi kunya a dangi. Ban gaya masa ba. Kunya nake ji, Yaya, irin wadda ko madubi ba na son haɗa ido da shi.

Baffa ya bugo waya ya ce mu zo lokacin Obon, bikin tunawa da magabata, mu ziyarci kaburbura tare, kuma ba zai buɗe kwalbar ba sai mun zo. Me kike ganin ya kamata in yi?

Taki,
Mitsuyo

Kumamoto, watan Agusta

Yaya Fumie,

Ina gaishe ki, ina fatan kun yi hutu lafiya. Kin ce in faɗa masa gaskiya in huta. Na faɗa, ga yadda aka yi.

Mun tarar da kwalbar a gaban hoton marigayiya matarsa, kusa da turare. Kafin mu shiga ma wata tsohuwa maƙwabciyarsa ta tare ni a ƙofa, ta sunkuya har sau nawa, wai ashe ni ce surukar da ake ta labari. Duk unguwar an zo an ga kwalbar.

Bayan mun dawo daga kaburbura ya buɗe ta da hannu biyu, ya zuba mana a ƙananan kofuna. Shinobu ya ce ba zai sha ba, shi zai tuƙa mota, ya fita duba wa Baffa famfon bayan gida. Baffa ya kurɓa, ya sake kurɓa. Ina kallon yadda yake kokawa da fuskarsa. Can ya ajiye kofin ya sunkuyar da kai.

"Ki yafe mini, 'yata," ya ce. "Harshena na ƙauye ne, bai san abu mai daraja ba. Kin yi asarar kuɗinki a kaina."

Nan na kasa daurewa. Na durƙusa, goshina a tabarma, na faɗa masa komai: ragin, tsamin, da ƙaryar farashin. Na roƙe shi ya bar mu mu mayar masa da abin da ya kashe. Ina tsammanin zai yi faɗa, ko ya yi dariya mu wuce wurin. Bai yi ko ɗaya ba. Ya ce tukuici ba ya komawa, kuma kada in sake tayar da maganar. Ya daɗe yana kallon kwalbar, sannan ya ce a hankali:

"Da kin bar ni a yadda nake. Tun da ruwa ya tafi da gidan, kowa tausayina yake ji. Da wannan ta zo, na ɗauka akwai wanda ya ga na kai haka."

Da Shinobu ya shigo, Baffa ya ce masa giyar ta yi daɗi ƙwarai, ya ƙara wa kansa, ya shanye a gabanmu. Ya raka mu har mota, ya sunkuya mini kamar yadda ake yi wa baƙuwa.

Na je ne in sauke nauyin da ke kaina, Yaya, ban lura a kan wa zan sauke shi ba. Sayen na yi shi da rowa, faɗar gaskiyar ma don kaina na yi. Ban san wanne ya fi ba ni kunya ba.

Ki kula da gwiwarki, ki gaida maigidan da yara. Wannan karon ba sai kin ba ni shawara ba, ki dai rubuto.

Ƙanwarki,
Mitsuyo